Sabuwar Sutura ga Allunan Ɗakin Sauraro: Abin da Na Rubuta Yayin Aikin

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Shekara guda da 'yan watanni ke nan da na haɗa allunan shanye amo na ɗakin da nake sauraron kiɗa, kuma kunnena ba shi da ƙorafi a kansu. Ido ne ke wahala. Ɗakin tsawonsa mita 5.2, faɗinsa 3.8, tsayinsa 3. Bangon bulo ne da filasta, ƙasa tayil, sama silin POP. Kafin in sa komai a ciki, in ka tafa hannu a tsakiyarsa sai ka ji wata ƙara tana kai da komo tsakanin bango da bango kamar an girgiza langa. Allunan sun kashe wannan. Guda takwas ne a jikin bango, kowanne santimita 120 da 60, kaurinsa santimita 10, cike da audugar dutse, wadda masu sayar da ita suka fi sani da Rockwool. Akwai manya biyu a kusurwoyin gaba, da wasu biyu a sama.

Da buhun algarara na lulluɓe su a wancan lokaci, don yana da araha kuma iska na ratsa shi. To, araha ba ta ado. Buhun ya saki, ya yi tumbi a ƙasan kowane allo, launinsa bai zo ɗaya ba, ga kawunan ƙusoshi a fili, ga warinsa da ke tashi in damina ta yi nisa. Jiya da dare maiɗakina ta faɗa mini abin da na daɗe da sani. Ta ce, "Maigida, ɗakin nan fa cikin gida yake. In baƙi sun zo, ƙofarsa nake ja." Gaskiyarta ne, kuma ya taɓa ni, domin ɗakin da na fi so a gidan shi ne wanda ake ɓoyewa.

Yau na yanke shawarar sake musu sutura gaba ɗaya. Ana cewa gani ya kori ji, amma a ɗakin nan ba zan bari ya kore shi ba: duk abin da zai ƙawata allunan ya ɓata aikinsu, ba zai hau ba. Ina kuma son fuskar kowane allo ta zama abin cirewa a wanke, saboda ƙurar Kano. Fatana in gama kafin azumi.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Na wuni a Kantin Kwari ina hura yadi. Gwajin ke nan: ka ɗora ƙyallen a bakinka, ka sa tafin hannu a bayansa, ka hura. In iskar ta taɓa hannunka ba tare da ka yi yunƙuri ba, ya yi. In kumatunka suka cika, bai yi ba.

Dalilin yana cikin yadda audugar ke aiki. Sauti motsin iska ne. In ya shiga tsakanin siraran zaruruwan audugar sai iskar ta riƙa gogar su, ƙarfinta ya ragu, ya koma ɗan ɗumi da ba a ma jin sa. Kenan dole sautin ya samu hanyar shiga. Ƙyallen da ya toshe yakan mayar da siririn sauti cikin ɗaki kamar yadda bango ke yi, ko da yake kakkauran sauti na ƙasa yana wuce shi ba tare da ya kula ba.

Shadda ta faɗi warwas, musamman mai tsada mai sheƙi, wadda saƙarta ta matse kuma aka danne fuskarta. Abin ya ba ni haushi, don ita na fara ɗorawa a raina. Atamfa na barin iska kaɗan, wata ta fi wata. Yadin kujeru mai roba a baya ko kusa. Leshi na wucewa sarai, amma ana hango duk abin da ke bayansa. Wanda ya ci gwajin ba gardama shi ne akoko, wannan farin yadin auduga mara ado da ba a wanke shi da sinadari ba, sai alawayyo mara nauyi a bayansa.

Wani dattijo mai shago ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Alhaji, lafiya? Me ake dubawa?" Da na yi masa bayani sai ya sa yaronsa ya sauko da akoko kala uku, ya ɗaga kowanne saitin hasken ƙofa, ya nuna mini wanda saƙarsa ta fi daidaito. Ya ce in tuna zai tsuke in ya sha ruwa, in sayi fiye da awona. Na sayi bandir guda, da guntayen shadda da atamfa yadi bibbiyu don gwaji.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Ban so in dogara da baki kaɗai ba. Na fito da makirfon ɗin awo, UMIK-1, na haɗa da kwamfuta, na buɗe manhajar auna sautin ɗaki ta REW wadda kyauta ce. Na auna ɗakin yadda yake da buhu, sannan na rufe alluna biyu na gefe da akoko na sake aunawa, sannan da shadda. Da akoko layin awon da manhajar ta zana ya kusan hawa kan na buhu. Da shadda kuwa, amon farko da ke dawowa daga bangon gefe ya sake ɗagowa a sama-saman sauti. Na sa wani tsohon faifan kuntigi da na sani ciki da bai, na ji tsinin tsirkiyar ya bazu maimakon ya tsaya wuri guda tsakanin lasifikun biyu. Shadda ta fita daga lissafi. Guntayen na ba maiɗakina.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Akoko fari ne mai ɗan duhu, kuma alluna takwas farare a bango za su sa ɗakin ya yi kama da asibiti. Fenti ba zai yiwu ba, domin yana cike ramukan saƙa ya bushe a ciki. Rini ne mafita, tunda shi zaren yake kamawa ya bar ramukan a buɗe. Shi ya sa yau na nufi marinar Ƙofar Mata, wadda allon ƙofarta ke ɗauke da shekarar 1498.

Kafin in tafi na wanke yadin sau biyu da ruwan zafi, ya tsuke iya tsukewarsa, sitacin masaƙa ya fita. Na yanka shi gida goma, kowanne da rarar santimita 15 ta kowane gefe.

Na samu wani dattijon marini a bakin rijiyarsa, hannayensa cikin doguwar safar roba. Na gaishe shi, na tsuguna, na ce, "Baba, aiki na kawo, amma ba na sawa ba ne." Ya saurare ni har na gama bai katse ni ba. Na tsaya na kalli yadda yake yi: ya tsoma ƙyalle cikin ruwan baba, ya ɗago shi yana ɗan kore-kore, iska ta buge shi, a gaban idonka ya juye shuɗi. A sake tsomawa, a sake ɗagowa. Yawan tsomawar ne ke kawo duhun launi. Ruwan kansa haɗin baba ne da toka da sauran sirrin sana'a, ana barin sa ya ruɓa kwanaki kafin ya fara kama yadi.

Abin da na fi jaddada masa shi ne kada a kai wa mabuga. A al'ada in an gama rini akan miƙa kayan a shimfiɗa kan gungumen itace a yi ta dukan su da tabarya har su yi santsi da ƙyalli. Irin wannan bugun ne ke ba turkuɗin Kura sheƙin da Buzaye ke nema. Amma bugun na daddanne zaren ne ya rufe ramukan, wato zai mayar mini da akoko ɗan'uwan shadda. Baba ya yi murmushi ya ce, "Yaro, kai ne na farko da ya zo yana roƙon kada kayansa su yi ƙyalli." Ya ba ni shawara guda da ban yi tunaninta ba: a tsoma dukkan guntayen a rijiya ɗaya, a rana ɗaya, in ba haka ba launin ba zai haɗu ba. Mun tsaya a kan shuɗi matsakaici, ba mai duhu sosai ba, domin mai duhu ya fi nuna ƙura. Guda biyu ya ce zai bayar a ɗaure musu ado da zare kafin a tsoma, yadda wuraren da aka ɗaure za su fito fari.

Na fito ina tunanin yadda na yi makonni ina duba hotunan ɗakunan sauraro na Turai da Amurka a intanet, da yadinsu na musamman da ba a samu a nan sai an yi oda, alhali abin da ya dace da ɗakina yana bakin ganuwa.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Na sauke allunan duka na fitar da su tsakar gida. Takunkumi, safar hannu, riga mai dogon hannu, tabarau. Duk wanda zai taɓa audugar dutse ya yi wannan shiri, don ƙaiƙayinta ba wasa ba ne, kuma ba abin shaƙa ba ce. Na hana yara fitowa har na share na yayyafa ruwa.

Audugar na nan lafiya, ba ta zube ba. Firam ɗin ne abin kunya: uku sun karkace, ɗaya gara ta fara taɓa shi ta baya. Na kira kafinta muka zauna. Tsarin da muka tsayar shi ne akwati biyu. Na ciki zai riƙe audugar, a naɗe ta da siririn baƙin yadi wanda zai tare ɓurɓushinta, ya kuma hana launinta da na katako bayyana ta cikin shuɗin. Na waje siririn firam ne da za a ɗaure rinannen yadin a kansa, ya manne da na ciki da ƙananan maganaɗisu shida. In ya yi ƙura a ɓalle shi a kakkaɓe. A gefe kuma za a zagaye da bakin katakon maɗaci mai santimita 2, a goge da samfefa a shafa mai, ba banish mai ƙyalli ba.

Da dare na zauna a ɗakin babu alluna. Na sa kiɗan kalangu, ban kai minti biyar ba na kashe. Na manta yadda yake a da.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Na karɓo yadin. Launin ya fi yadda na zata kyau, shuɗi mai zurfi da ke ɗan sauyawa in haske ya sauya, ba irin shuɗin kanti da ke tsaye cak ba. Na hura a gaban Baba, iska ta wuce. Guda biyun masu ado sun fito da zobba-zobba farare a tsakiya.

Ya gargaɗe ni cewa baba na zuba a farko, halinsa ne. Na ɗauraye su da ruwan sanyi sau huɗu, na shanya a inuwa. Bayan sun bushe na goga farin tsumma a kai, har yanzu yana ɗan ɗaukar shuɗi. Bakin maɗacin zai hana yadin taɓa fentin bango, don haka ban damu ba. Sai dai mai farar riga kada ya jingina.

Asabar, 7 ga Disamba

Koma baya. Siraran firam ɗin waje guda biyar cikin takwas sun murɗe. Kafinta ya kawo su ranar Talata a miƙe, zuwa Juma'a in ka kwantar da su a tayil kusurwa ɗaya na ɗagawa har yatsa ya shige. Katakon ɗanye ne, bai gama bushewa ba aka yanka, hunturu kuma ya shigo ya zuƙe ruwan jikinsa cikin kwana uku. Na yi fushi, don na tambaya tun farko an ce mini busasshe ne.

Kafinta bai yi musu ba. Ya ce, "Yallaɓai, a yi haƙuri, ni ma haka aka sayar mini." Ya kawo shawarar a yanka firam ɗin daga filawud mai kauri milimita 12, tunda shi ɓawo-ɓawo ne da aka manna a gicciye, ba ya murɗewa kamar katako. Maɗacin gefe kuwa na ce a ajiye shi a ɗakin kansa mako biyu, a jere da tazara, ya saba da iskar wurin kafin a taɓa shi da zarto. Mako biyu sun tafi a banza, amma gara yanzu da a ce bayan an ɗaure yadi.

Lahadi, 22 ga Disamba

Jiya da yau aikin ɗaure yadi muka yi, ni da wani mai yin kujerun kushin da ke bayan layinmu. Na ɗauka zan iya ni kaɗai. Na gwada guda ɗaya ranar Alhamis, ya fito da tattara a kusurwa, zaren saƙar kuma ya bi karkace kamar hanyar ruwa. A yadi mara ado ido ba ya samun abin kallo sai zaren, don haka ƙaramar karkata ma tana bayyana daga ƙofa.

Shi ga yadda yake yi. Ya fara goge yadin, ya shimfiɗa shi fuska a ƙasa kan tabarma mai tsabta, ya ɗora firam, ya daidaita gefensa da zare guda ɗaya tun daga sama har ƙasa. Sai ya harba ƙusar bindiga ɗaya a tsakiyar dogon gefe, ya zagaya ɗaya gefen ya ja ya harba ɗaya, haka ma a gajerun gefen. Daga nan yake tafiya daga tsakiya zuwa kusurwa, kaɗan nan kaɗan can, kullum gefe da kishiyarsa. Ba ya ja da yatsu, da tafin hannu yake ja, ya ce yatsa na barin sawu a fuskar yadi kamar haƙarƙari. Kusurwa ita ce ƙarshe: ya naɗe ta ninki ɗaya mai tsabta, ya tura rarar ciki, ya sa ninkin ya faɗo a sama da ƙasan allo inda ba a gani, ba a gefe ba.

Akwai wata dabara da ta burge ni. Ya sa kafinta ya ɗan zaftare leɓen ciki na firam ɗin, yadda yadin ba zai kwanta a kan faɗin katakon ba sai a bakinsa na waje kawai. In ba haka ba, bayan 'yan watanni ƙura na zana siffar firam ɗin a fuskar yadin. Ya ce a kan gadaje masu kushin ya koyi wannan. Kuma ya hana ni ja da ƙarfi fiye da kima. "Oga, ba ganga muke ɗaurewa ba," in ji shi. In an ja da yawa firam na lanƙwasa ciki, in damina ta zo kuma auduga ta sha laima ta saki, bambancin zai fi fitowa.

Ina kallonsa na tuna labarin Wallace Sabine, malamin kimiyya na jami'ar Harvard a Amurka, wanda a 1895 aka ba shi aikin gyara wani zauren lacca na gidan tarihin Fogg da ba a jin magana a cikinsa saboda amsa-kuwwa. Da kushin ɗin kujeru ya yi bincikensa, yana kwaso su daga wani zauren da dare, yana auna tsawon lokacin da sauti ke ɗauka kafin ya mutu. Daga nan lissafin da muke amfani da shi har yau ya fito. Ashe tun asali sana'ar nan da masu kushin ta fara.

Mun gama takwas ɗin kafin magariba.

Asabar, 28 ga Disamba

Ratayewa. A da da waya da ƙusa na rataye su, kowanne da tsayinsa, kuma na gane rabin munin ɗakin daga nan yake. Wannan karon na ɗauki layin saman ƙofa ya zama ma'auni, duk allunan kansu ya tsaya a kan wannan layi. Na ari tiyon ruwa irin na magina muka zagaya ɗakin da shi muna sa alama, don tayil ɗin kansa ba daidai yake ba, in ka auna daga ƙasa za ka gaji kuskurensa.

Maratayin katako biyu ne da aka yanka a jirge, ɗaya a bango da fisha da sukuru, ɗaya a bayan allo, su sarƙe da juna. Na bar tazarar santimita 5 tsakanin allo da bango. Tana da amfani biyu. A jikin bango iska ba ta motsi sosai, don haka in ka ɗan janye audugar tana kama sautin da ya fi ƙasa. Ga ido kuma, tazarar na jefa inuwa siririya a kewaye, allon ya zama kamar yana shawagi.

Ban yarda kyau ya matsar da allunan gefe daga inda aikinsu yake ba. Na zauna a kujerar sauraro, ɗana ya riƙa jan madubi a jikin bango, duk inda na hango lasifika a ciki muka sa alama. Nan ne amon farko ke dawowa, nan allo zai zauna. A hagu alamar ta faɗo kusa da taga, ta sa tazarar allunan ba ta yi daidai da ta dama ba da kusan tafin hannu. Na daɗe ina kallon wurin. Na bar shi a inda madubi ya ce.

Masu zobban nan biyu na sa su a bangon gaba, tsakanin lasifikun. Maiɗakina ta shigo ta tsaya, ta ce, "Yanzu ka yi magana."

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Shuɗi takwas ya ɗan yi yawa, bangon baya na neman wani abu daban. Na shiga Kasuwar Kurmi neman saƙar hannu. Na duba gwado da luru, na hura, sun yi kauri, iskar na wucewa da ƙyar. Saƙi kuwa, mai ɗigon fari da baƙi kamar gashin zabo, ya wuce gwajin. Ƙwarya-ƙwarya ake saƙa shi a siririyar masaƙa sannan a haɗa da ɗinki, kuma layukan haɗin nan su ne adonsa.

Wahalarsa wajen ja ne, domin kowace ƙwarya da yadda take miƙewa, in ka ja gaba ɗaya layukan sai su yi ta lanƙwasa. Mai kushin ya fara ɗaure baƙin yadi a ƙasa da ƙarfi, sannan ya kwantar da saƙin a kai da ja kaɗan, yana bin layi ɗaya-ɗaya. Alluna biyu na baya yanzu saƙi ne. Shuɗayen da aka cire na ajiye su canji, ranar da za a wanke wasu.

Lahadi, 19 ga Janairu

Kusurwoyi su ne suka fi ba ni aiki. Manya ne, daga ƙasa har silin, kuma dole su zama manya. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a sakan guda. Zangon sauti mai 100 Hz, wato mai kaɗawa sau ɗari a sakan guda, ya kai mita 3.4, na 10,000 Hz kuwa santimita 3.4 ne kacal, shi ya sa siririn abu ke iya shanye na sama amma na ƙasa sai da kauri. A ɗaki mai tsawon nawa, sautin da ke taruwa tsakanin bangon gaba da na baya yana wajen 33 Hz, na faɗi wajen 45, na tsayi wajen 57. Ba na yaudarar kaina cewa audugar kusurwa na kashe waɗannan duka, amma tana rage gurnanin da ke samansu, kuma in an rage mata kauri don kyau an yi asara. Wannan ne ma ya sa kiret ɗin ƙwai da siririn soso da ake mannawa a wasu ɗakunan ɗaukar sauti ba sa taɓa matsalar. Soson katifa kuma ga haɗarin gobara.

Tunda ba za su ƙanƙance ba, sai a sa su zama kamar ginin ɗakin ne. Na fara gwada asabari, na rataya a gaban ɗaya. Ya yi kyau ƙwarai, har na ɗauka an gama. Da na sa kiɗa mai ganga sai ya fara zuza, kowane kara na karkarwa a kan ɗan'uwansa. Na ɗaure, na matse, bai daina ba. Na sauke shi da baƙin ciki.

Abin da ya zauna shi ne siraran katakon malaina a tsaye, masu faɗi daban-daban, santimita 2 da 3 da 5, a cakuɗe, da tazara tsakaninsu, a kan baƙin yadi. Kowanne an ɗaure shi da sukuru a wuri uku da ɗan ƙyalle a ƙarƙashi don kada ya yi ƙara. Kusan rabin fuskar a buɗe take. Kakkauran sauti na wucewa ta tsakaninsu kamar babu su, siririn kuma wani ɓangarensa na dawowa. Wannan ya gyara wani abu da ban ma sa a lissafi ba. Sai yanzu na gane da buhu ɗakin ya ɗan mutu fiye da kima, in kana magana a ciki kamar an toshe maka kunne. Yanzu goge ya samu iska a kewayensa, muryar mai waƙa kuma ba ta matsa daga tsakiya ba.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Yau allunan sama guda biyu na yi. Farin alawayyo, don su ɓace cikin silin. POP ba ya ɗaukar nauyi, don haka ƙugiyoyin sun wuce shi har cikin kankaren da ke samansa. Na sa mai gyaran wuta ya janye wayar fitila daga bayansu, domin audugar dutse ba ta cin wuta amma yadi da katako suna ci. Fanka ta hana su zama inda na so, na matsar da su gaba da santimita 20, bakinsu ya bar fukafukanta da tazara mai kyau.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na sake aunawa, makirfon a daidai inda yake ranar 10 ga Nuwamba, na sa alamar da tef a tayil tun lokacin. A tsakiyar sauti amon na mutuwa cikin kusan sakan 0.3, kamar da. A sama ya ɗan ƙara tsawo kaɗan saboda katakon kusurwa, abin da kunnena ya riga ya faɗa mini. A ƙasa tudun da layin awo ke yi wajen 45 Hz na nan daram, wannan ba aikin yadi ba ne, sai na sake duba mazaunin lasifiku da kujera.

Ƙura ta riga ta gwada tsarin. Mako bakwai na hunturu sun bar farin gari a kan shuɗin, ya fi yawa a allon kusa da taga. Na ɓalle fuskokin ɗaya bayan ɗaya, na fitar waje na kakkaɓe da burushi mai laushi, na mayar, duka cikin rabin awa. Maganaɗisu ɗaya ya ɓalle daga raminsa, na sake manna shi da gam. Saƙin bai nuna ƙura ko kaɗan ba, wanda ya sa nake tunanin allon kusa da taga ma ya koma saƙi.

Jiya 'yan'uwan maiɗakina sun zo daga Zariya, ita da kanta ta buɗe musu ɗakin. Yayarta ta shafa saƙin ta ce irin zanen kakarsu ne, ta tambayi inda na samo.

Saura labule. Wanda ke tagar yanzu ruwan ƙasa ne mai sheƙi, ba ya tafiya da komai a ɗakin. Akwai ragowar akoko yadi shida, zan kai wa Baba ranar Litinin, ko da yake ya riga ya gaya mini ruwan rijiyar ya canja tun Nuwamba, shuɗin ba zai zo iri ɗaya ba. Zan ce ya yi shi da duhu sosai, a san da gangan ne. Wayoyin lasifiku ma har yanzu suna kwance a fili a gefen bango, kafinta zai zo da ragowar maɗacin mu yi musu kwalbati. Azumi saura mako biyu. Abin da ba zan sani ba sai Agusta shi ne ko yadin zai saki in laima ta shigo, don haka na rubuta tsawon kowace fuska a bayan firam ɗinta da fensir, in auna in gani.